Hoton Ya Bushra Tana Hawaye

Ni ne Ilu mai hoto. Daga Damagaram na zo Diffa a shekarar casa'in da uku, da kyamara ɗaya da wani labule mai zanen bene da furanni, na kama ɗan shago kusa da kasuwa. Duk wanda ya shigo shagona ƙarya yake so, kuma ita nake sayar masa. Makiyayi ya ari agogo, mai faci ya ari kwat, a tsaya gaban benen labule a ɗaure fuska. Shekara goma sha ɗaya na yi a haka ba wanda ya taɓa zagina. Sau ɗaya tak na ɗauki mutum yadda Allah ya yi shi, sai ga gari ya kusa tashi a kaina.

Matar da na ɗauka sunanta Bushra Alkali, kowa Ya Bushra yake ce mata. Babarbariya ce, ƴar wani ƙauye a bakin kogin Komadugu, ba nisa da gari. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, ta iya karatu da rubutu daidai gwargwado, sannan ta auri Fannami, manomin tattasai. A casa'in da bakwai motar kaya ta kife da shi a hanyar Damasak, ƙafarsa ta dama ba ta sake moruwa ba. Ƴan'uwansa suka ce a ba da gonar aro. Ta ce ba inda gonar za ta. Ta koyi tayar da injin ban ruwa da hannunta, ta koyi kwance shi in ya shaƙe da laka, har maza suka koma kawo mata nasu.

Abin da ya fito da sunanta shi ne rigimar buhu. Dillalai kan zo da nasu buhunan, manya, su sa ƙato ya shiga ciki yana tattake tattasai da ƙafa har buhu ɗaya ya cinye na ɗaya da rabi. Ya Bushra ta tara matan ƙauyuka huɗu, suka ce daga yau su za su cika, su za su ɗinke, wanda bai so ya je ya noma nasa. Dillalai suka yi fushi mako biyu suka dawo. Tun daga nan ba ka ganinta ba basilla, wato babbar allurar ɗinkin buhu, soke a ɗankwalinta.

A dubu biyu da huɗu aka zo zaɓen ƴan majalisar gari, waɗanda muke kira konseye. Doka ta ce sai an sa mata a jerin ƴan takara. Wata jam'iyya, ba zan faɗi sunanta ba, ta ga matan kwari, wato na ƙauyukan bakin kogi, suna bayan Ya Bushra, ta sa ta a lamba ta uku, wurin da ake sa ran ci. Shugaban jam'iyyar, Alhaji Muhsinu, da kansa ya kawo ta shagona. An sa mata leshin matarsa da sarƙar zinariya, an cire basillar. Ta tsaya gaban labulena ƙiƙam, fuska ba walwala.

Na ce, "Ya Bushra, ɗan murmushi."

Ta ce, "Malam Ilu, ɗauki abinka, takalmin nan na cizo na."

A lokacin ba a wanke fim mai launi a nan, sai na ba direba ya kai Maiduguri, kuma ba na aika fim sai ya cika. Saura hoto ɗaya. Kwana biyu bayan haka na je ƙauyensu ɗaukar hoton suna, na biyo ta wajen shanyar tattasai. Fili ne ja wur har bakin ruwa. Na hango ta tsugune gaban buhu, basilla a baki, tsumma ɗaure a wuyan hannu, ɗankwali ya zame baya. Iska ta taso da ƙurar tattasai, ta ɗago kai, hawaye na zuba shar a kumatunta, idanu jajir. Ban yi sallama ba, ban nemi izini ba. Na danna kawai, don fim ya cika in huta.

Da hotuna suka dawo, wallahi na daɗe ina kallon wannan. Ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Muna da al'ada mu masu hoto, wanda ya fi kyau mukan manna shi a allon ƙofar shago don jan masu wucewa. Na manna shi. Wautata ke nan, kuma ba na ɗora wa kowa.

Sakataren jam'iyyar, Babagana, mutum ne mai laushin murya da yawan gaisuwa, irin wanda zai tambayi lafiyar akuyarka. Yana da ƙanwa da yake so a ba lamba ta uku. Ya tsaya gaban allon, ya ce, "Malam Ilu, ara mini wannan in nuna wa Shugaba, zai ji daɗi." Na cire na ba shi da hannuna, har da godiya.

Ranar Lahadi gari ya waye da hoton a bangon tasha, da bakin kasuwa, da jikin bishiyoyi. Fotokofi aka yi, baƙi da fari. Jan tattasan nan duk ya ɓace, ya zama wani duhu a bayanta. Abin da ya rage mace ce tsugune a ƙasa, kai rabi a buɗe, tana kuka. A ƙasa an rubuta: "Wannan ce za ta yi muku magana a majalisa?"

Ƴan gari kuwa, Allah ya shirye mu, abin nema ya samu. A teburin mai shayi na ji wani yana rantsuwa mijinta ne ya doke ta, mijin da ko tsayuwa ba ya yi sai da sanda. Wani ya ce gonarta aka ƙwace. Wani ma'aikaci mai ƙaton tumbi ya ce mata dama haka suke, a taɓa su kaɗan sai hawaye. Alhaji Muhsinu ya aika cewa ranar Alhamis kwamiti zai zauna a cire sunanta, don ranar Juma'a za a kai jerin sunaye, kuma jam'iyya ba za ta shiga zaɓe da abin dariya ba.

Ranar Litinin ta shigo shagona ba sallama. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Wa ya ba ka izini?"

Na ce, "Ba kowa, Ya Bushra."

"Fannami kwana biyu bai fita masallaci ba. Ka sani?"

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce in nuna mata na ainihin. Na ɗauko kwafin da ya rage, mai launi. Ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Ɗinkin buhun ya yi kyau." Ta mayar mini. "Ranar Alhamis ka zo da kyamararka biron jam'iyya, inda kwamiti zai zauna. Ka sa sabon fim."

Talata ce kasuwarmu. Da safe na lura hotunan sun ɓace daga bango, na ce alhamdu lillahi, masu mutunci sun yage. Sai da na shiga layin masu tattasai na ga inda suka koma. Kowace mace ta manna ɗaya a jikin buhunta. Wata ta sa nata cikin leda don kada ya yi datti. Har cikin masu nono da suka zo daga wajen Toumour na ga wata ta soke ɗaya a faifan ƙwaryarta.

Na tsaya gaban wata tsohuwa, Kaka Hamsatu, wadda ta fi shekara arba'in tana tsintar tattasai, na ce, "Kaka, wannan fa don a ci mutuncinta aka buga shi."

Ta dube ni sama da ƙasa. Hausarta da nauyin Barbarci, amma ba ta ɓoye komai. Ta ce, "Kai ka ɗauka, kuma ba ka san abin da ka ɗauka ba? Dubi tsumman hannunta. Na share ido ne, don in ka sa yatsa ka mutu. Dubi bakinta, basilla ce. Mai kukan baƙin ciki tana riƙe allura a baki? Wannan buhu na ashirin ne ko fiye, don hawaye ba ya kai haɓa sai an daɗe. Duk macen da ke layin nan ta yi wannan kukan jiya, za ta yi gobe."

Na ce, "To wancan fa?" Na nuna mata fostar jam'iyya, mai leshi da zinariya, aikin hannuna da nake taƙama da shi.

Ta ce, "Wannan matar wani Alhaji ce, ba mu san ta ba. Mu wannan za mu zaɓa." Ta daki buhun da tafin hannu, ƙura ta tashi, na yi atishawa sau uku. Matan layin suka yi ta dariya, suna cewa a kawo wa ɗan birni tsumma.

Alhamis da hantsi na isa biron jam'iyya, wato ofishinsu. Ɗaki ne ƙarami, taga ɗaya, fanka na juyawa a sama. Maza tara zaune kan kujeru, Alhaji Muhsinu a tsakiya da takardar sunaye gabansa, Babagana a gefe da biro a hannu, ya ƙi haɗa ido da ni. Ya Bushra ta shigo da zanen aikinta, basilla a ɗankwali. Bayanta Kaka Hamsatu da mata uku ɗauke da buhu. Sauran matan, sun fi sittin, suka zauna a waje cikin rana.

Alhaji ya fara da lallashi. Ya ce, "Hajiya, ba ƙin ki muke ba. Amma majalisa wurin maza ne masu taurin rai. Mutane sun gan ki kina kuka, ba za mu iya goge wannan daga idonsu ba."

Ta ce, "Na ji, Alhaji. Kafin a yanke, ga gaisuwa matan kwari suka kawo maka. Ba ma zuwa wurin babba hannu sake."

Ya ji daɗi, ya ce an gode, a ajiye a kusurwa.

Ta ce, "A'a, ranka ya daɗe. A wurinmu ba a karɓar buhu sai an ga cikinsa, kada gobe a ce mun cuce ka."

Ta zare basilla, ta farke ɗinkin a ja ɗaya. Matan suka kama gindin buhun suka juye shi a tsakar ɗaki. Tattasan ƙasan shanya ne, wanda ya bushe ƙayau ya farfashe, rabi duk gari. Kaka Hamsatu ta sa hannu tana ɗagawa tana zubarwa, wai tana nuna kyansa. Fanka ta yi sauran aikin.

Babagana ne ya fara. Tari ya sarƙe shi, biro ya faɗi. Wani dattijo ya sa hannu ya murza ido, ya ƙara wa kansa. Kafin a ce haka, maza tara hawaye na bin gemu, majina na zuba, ana laluben ƙofa, ƙofar kuwa mata huɗu sun tsaya a bakinta suna gaishe su da aiki. Ni ma ina kuka, amma wallahi ban taɓa jin daɗin kuka irin na ranar ba.

Ya Bushra tana tsaye a tsakiya, nata hawayen na zuba, ko goge su ba ta yi ba. Ta ce, "Malam Ilu, ɗauki."

Na ɗauka. Sau huɗu fitilar kyamara ta haska.

Ta juya wurin Shugaba, muryarta ba ta ko ɗaga ba. Ta ce, "Alhaji, minti biyu ke nan. Mu wata uku muke yi a cikinsa kowace shekara, kuma da kuɗinsa aka yi rufin ɗakin nan. Yanzu a ɗauki biro a cire sunan duk wanda ya yi kuka."

Tari kawai ke tashi. Alhaji Muhsinu ya laluba ya jawo takardar, ya kai ta dab da hancinsa don ba ya gani sosai, ya sa hannu a ƙasa yadda take. Hawayensa ya ɗiga a kan lamba ta uku, tawadar ta ɗan baje. Haka aka kai ta ranar Juma'a.

Ta ci zaɓe, ta zauna a majalisa, ta yi faɗa da kowa a kan hanyar kwari da kuɗin tasha, wani ta yi nasara, wani ba ta yi ba. Fannami ya koma masallaci tun Juma'ar nan, sahun gaba.

Da hotunan mazan suka dawo daga Maiduguri na kai mata gona, raina fes, na ce yau allon shagona zai tara ƴan kallo. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta yi dariya har ta zauna a kan buhu. Sannan ta miƙo mini.

Ta ce, "Ba za ka manna ba. Suna da mata da ƴaƴa, ni na san yadda abin yake." Na buɗe baki zan yi gardama, ta ɗaga mini basilla. "Amma kada ka ƙone su. Akwai wani zaɓen."