Gaisuwar Suruki a Tsakiyar Ruwa

Sai da furfura ta fara fito mini a gemu na shiga ajin yaƙi da jahilci a Wara. Ban yi gaggawa ba. Wanda ya saba zama cikin kwale-kwale yana jiran kifi ba zai ƙosa da baƙaƙen boko ba. Ranar da na iya karanta sunayen mutane ba tare da na tambayi kowa ba, na ajiye 'yar ƙaramar wayata, wadda ake yi wa ba'a da rakani-kashi, na sayo babba mai shafawa.

Kai, na yi ƙuruciya a watan nan! Na ɗauki hoton akuyarmu, na ɗauki na tukunyar miya, na ɗauki na ƙafata ba da niyya ba. Duk karfasar da ta faɗo komar kamun kifina sai an yi mata hoto kafin ta shiga kwando. Na gano manhajar da ke faɗin ko za a yi iska, na riƙa duba ta ina duban sama, in ga wanda zai ƙaryata wani. Saƙon murya kuwa, har wanda ke zaune kusa da ni a bakin ruwa na aika wa. Matata ta ce in ban sassauta ba gilashin nan zai huje.

Surukina ne kaɗai ban sa a lissafi ba. Mahaifin matata dattijo ne a wajen Shanga, ya yi ƙuruciyarsa yana su a tafkin nan da nake kamun kifi, yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da shi gida. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na je gaishe shi, tun daga nesa nake tuɓe takalma, in durƙusa, kai a ƙasa, shi ma ya kau da fuska. Bai taɓa ganin kaina babu hula ba. Da wannan kunyar na sami matsayi a gidan, har yakan ce wa sauran surukai su yi koyi da ni. Ƙaramar waya ta daɗe tana rufa mini asiri, don nakan gaishe shi ina tsaye cikin laka, muryata kawai ke durƙusawa.

Wata safiya ina tsakiyar tafki ni kaɗai, daga ni sai gajeren wando, jiki duk ƙarnin kifi. Waya ta yi ƙara cikin ledar da na ƙulle ta. Na karanta sunan da kaina: ƙanwar matata ce, abokiyar wasana, wadda ke kula da tsohon. Murnar na karanta ta hana ni lura cewa kiran bidiyo ne. Na goge yatsa a wando na shafa.

Fuskar surukina ta cika gilashin. Ga gemu, ga ido, a cikin tafin hannuna.

Na zube kan gwiwa. Kwale-kwale ya karkata ya kwankwaɗi ruwa. Na tuna ba a riƙe babba a ƙasa, sai na ɗaga wayar sama da hannu biyu, na sunkuyar da kai. Ashe tsakiyar sanƙona nake nuna masa.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau," in ji shi. "Ina gajiya?"

Dariyar ƙanwar matata ta ɓarke daga gefensa. "Mijin Yaya, ina riga? Ko tarwaɗa ta cinye? Baba, ga surukin naka na kirki, dube shi da kyau!"

"Ke, Allah ya shirye ki," na ce ƙasa-ƙasa. "Kashe abin nan."

"Kai ka kashe mana. Ba kai ne ɗan boko ba?"

Ina zan iya? Ba a katse wa suruki magana. Shi ma ba zai tsaya ba tun gaisuwa ba ta kai kan yara da gonar shinkafa ba. Na saci kallo, na ga ya juyar da kai yana duban danga, kunnensa kawai ke cikin gilashin. Haka muka yi ta jera gaisuwa, shi da kunne, ni da sanƙo, ita kuma tana ta shan dariya har da tari.

Da na ga mutuncina na shirin nutsewa, na juya fuskar wayar ga ruwa, bayanta ya dube ni.

Gaisuwa ta tsaya. Na zaci layi ne ya yanke.

"Tsaya," in ji tsohon. "Wancan ba tsibirin nan mai bishiyar kuka ba ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ruwa ya kai gindinta?"

"Ya kai, Baba."

"Ikon Allah. Ɗan karkato dama in gani. A hankali, malam, kada ka jefa ni ruwa!"

Sai ya yi dariya. Duk zamanmu ban taɓa jin dariyarsa ba, ashe irin ta matata ce sak. Na maƙale filafili a hammata ina tuƙi da hannu guda, kwale-kwale na ta juyi kamar ɗan maraƙi, ni ma ina ta washe baki tun da ba mai ganina. Ya kwatanta mini inda ya taɓa fama da giwan ruwa, ya tambayi wani dutse, na ce yana nan. Ƙanwar matata ta ce hannunta ya gaji, ya ce ta sake hannu.

Da zai yi sallama ya gyara murya, ya koma dattijonsa.

"Gobe in ka hito ka kirawo ni. Ba ruwana da rigarka, masunci ba ya su da babbar riga. Ruwan kawai za ka nuna mini."

"To, Baba," na ce, ina durƙushe cikin ruwan da ya kai mini cinya.