Gurbin Igiyar Inna

A bakin rijiyar unguwarmu a Durba akwai wani gungumen ƙirya da aka gitta, a kansa ake jan guga. Igiya ta ci jikinsa gurbi-gurbi, kowace mace da nata. Na Inna mahaifiyata yana can gefe, don bahaguwa ce, kuma duk ya fi zurfi. Idan wata ta kuskura ta sa igiya a ciki, sai Inna ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke, gadonsa kika ci?"

Da na shiga sakandare a Rano, malamin kimiyya ya kawo mana misali da guga. Ya ce ƙarfin da ka sa ka ɗago ruwa ajiya ce: saki igiyar ka gani, nauyi zai biya ka cif, gugan ya koma da gudu. Amma wanda gogayyar igiya da itace ta ci, ya tafi ke nan, ya zama zafi ya bi iska.

Ni da bakina ba ya shiru, na ce, "Malam, bai tafi ba, yana nan jikin gungume. Na sha sa yatsa a ciki." Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa ko a jikina.

Inna ta rasu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Aka haƙa mana burtsatse, aka rufe rijiya. Daga Kano inda nake zaune na kira babban wanmu na ce, "Yaya, don girman Allah a ajiye min gungumen nan." Ya yi dariya ya ce, "Itace? To, an gama." Wallahi ba don komai nake son sa ba, sai don in riƙa sa yatsana inda hannunta ya wahala.

Bikin 'yar Yaya ne ya kai ni gida. Ina shiga na tarar da mata sun girka tukwane a tsakar gida, ana ta yabon itacen, wai ba hayaƙi. A ƙarƙashin tukunyar tuwo na gane gungumen. Wuta ta riga ta cinye gefen Inna.

Ban yi faɗa ba, da wa zan yi? Na tsuguna na miƙa hannu kamar mai jin ɗari. Zafin ya bugi tafina, na daɗe ban janye ba. Kewarta ta kama ni har na kasa tashi.