Sabon Fentin Jitar Joel

Duk wanda ya sauka Zuru da jita a kafaɗa yana neman mai gyara, unguwar Rikoto ake nuna masa, a ce ya tambayi rumfar Markus. Asalin sana'ar Markus ba jita ba ce. Mai fesa fenti ne. Kafintoci ke kawo masa gadaje da kabad da ƙofofi, ya goge su da samfefa, ya cike ramukan ƙusa, ya fesa musu fenti har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana wannan aiki a rumfar kwano ɗaya da ke bayan gidan mahaifinsa. Amma da yake shi ke kaɗa jitar bes a cocinsu, wato mai kaurin muryar nan mai tsirkiya huɗu wadda ake fara jinta a ƙirji kafin kunne, sai majami'un Dabai da Sakaba har Dirin Daji suka riƙa aiko masa da nasu jitocin idan sun lalace.

Wansa Joel ne ya koya masa kiɗan. Su biyu ne maza a gidan, ubansu tsohon soja. Joel ya bi sahun uban, aka sa shi cikin makaɗan bariki. Markus ma ya je ɗaukar soja sau biyu, sau biyun ana maido shi saboda gajarta, sai ya haƙura ya kama fenti. A Legas Joel ya sayi jitar, ta hannu, ja mai duhu kamar zoɓo, kuma duk hutun da ya zo gida da ita yake zuwa. A gindin mangwaron tsakar gida yake zaunar da ƙanen, ya ɗora masa ita a cinya, ya yi ta buge masa yatsu idan ya yi gaggawa. Yakan ce masa mai bes ba ya neman a kalle shi, aikinsa ya bi ƙafar mai ganga ya riƙe waƙar kada ta watse.

Da yaƙi ya tsananta a arewa maso gabas, aka kwashi har makaɗa aka ba su bindiga. Joel bai cika wata biyar a can ba. Abin da ya dawo Zuru akwatin ƙarfe ne da jitar cikin jakarta. Ya bar mata ɗaya, Gladys, da 'ya ɗaya, Peculiar, mai shekara goma sha uku. Da aka share makoki, Gladys ta shirya komawa Kaduna inda take ɗinki. Ranar tafiyar ta ɗauko jitar ta miƙa wa Markus, ta ce ya riƙe. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Shi ya ɗauka an ba shi, bai kuma taɓa tambaya ba.

Shekara goma ya kaɗa ta, kowace Lahadi, da bukukuwan aure, da jana'iza. Ba ya tsayawa gaba. Can kusa da mai ganga yake raɓewa, kansa a sunkuye, ƙafarsa ɗaya na motsi. Tsirkiyar bes ba a samunta a Zuru sai an yi saƙo. Fidelis, mai shagon kayan lantarki a cikin gari, shi ke haɗo masa da ita daga Onica idan ya je sarin kaya, wani lokaci a yi wata uku ana jira. Kafin ta iso, idan tsofaffin sun dushe saboda gumi da datti, sai Markus ya kwance su ya naɗe, ya tafasa su a ruwa, ya shanya a rana, ya mayar. Matarsa Monica ta gaji da mita ta ware masa wata tsohuwar tukunya. Ɗaura tsirkiya kuwa ba ya yinsa a tsaye. Ɗaya bayan ɗaya yake cirewa don kada wuyan jitar ya lanƙwashe, ya auna tsawo da yatsu, ya datse, ya murɗa kunnen da ke jan tsirkiyar a hankali yana kasa kunne, ba ya amsa gaisuwa sai ya gama.

Tari ya fara masa tun da daɗewa, yana cewa mura ce. Da abin ya kai yana tsayawa ya huta tsakanin gida da coci, Monica ta matsa suka je asibiti. Likita ya duba hoton ƙirjin, ya tambayi sana'arsa, ya ce warin fenti da na tina, ruwan da ake tsinka fentin da shi, su ne suka ci masa huhu, in yana son ya ga jikokinsa ya bar feshi. Markus ya rataye bindigar feshin a ƙusa. Ya koma goge katako da shafa da buroshi, aiki ya ragu, kafintoci da yawa suka koma wurin wasu.

Cikin watan Yuli na bara Peculiar ta kira shi a waya. Ta girma, ta gama karatun jinya, za ta yi aure a Nuwamba da wani Godswill. Bayan gaisuwa da labarin bikin, sai ta ce tana roƙon a ba ta jitar babanta ta tafi da ita ɗakinta, don ba ta da komai nasa sai hoto biyu. Markus ya ce to, zai duba. Ya ajiye wayar ya zauna a bakin rumfa har azahar ta wuce bai taɓa aiki ba.

Kwana uku bai yi wa kowa zancen ba. Da ya gaya wa Monica, da ɓacin rai ya faɗa. Ya ce shekara goma shi ke share jitar, shi ke saya mata tsirkiya, shi ya gyara mata wayoyin ciki sau uku, yarinyar ko riƙe ta ba ta iya ba. Monica ta bar shi ya gama, sannan ta ce duk gaskiya ne, amma shi ya yi shekara talatin da bakwai da ɗan'uwansa, yarinyar goma sha uku kawai ta samu. Washegari ya kira Peculiar ya ce idan sun zo gaisuwar dangi a Oktoba ta tafi da ita.

Sai da ya yanke shawarar rabuwa da jitar sannan ya dube ta da idon mai fenti. Inda hannu ke kwanciya jan ya goge har katako ya fito. Bayanta duk zanen ƙarfen bel ɗin wando ne. Inda babban yatsa ke dafawa ya yi ɗan rami baƙi ƙirin. A ƙasa kusa da inda ake maƙala maɗauri ga wani karce mai zurfi, kamar da ƙusa aka yi, wanda tun da jitar ta zo hannunsa yake ganinsa. Kunya ta kama shi. Ya ce a ransa mutanen Kaduna za su ga an sauke wannan cikin kayan amarya, a ce daga gidan baffanta mai fenti ta fito.

Ya sauko da bindigar feshin daga ƙusa. Monica ta tsaya a ƙofar rumfar ta ce, "Baban Rachael, likita ya ce me?"

"Aiki ɗaya ne," in ji shi. "Daga shi na gama."

Ya kwance wuyan, ya cire ƙarafa da wayoyi ya jera su a faranti. Ya kankare tsohon fentin, ya bi da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, har katakon ya fito fari tas. Ramin yatsan ya cike shi, karcen ma ya cike, ya goge har hannu ba ya jin komai. Irin jan bai samu ba, sai ya sayi fentin mota wurin masu gyaran mota na bakin tasha, ya yi ta ɗiga masa baƙi yana gwadawa a guntun katako sai da ya kusa. Damina ce, iska a jiƙe, shafin farko da ya bushe sai ya yi fari-fari kamar an hura masa numfashi. Ya kankare ya sake. Na biyun ma haka. Ya koma jiran ranar da aka yi rana mai zafi, ya fesa da tsakar rana, ƙyalle ɗaure a hanci. Mako biyar aikin ya ci. A mako na huɗu Monica ta ga jini a ƙyallen, suka yi faɗan da ba su taɓa yin irinsa ba, 'yarsu Rachael ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Fidelis ya kawo sabuwar tsirkiya, ya ga jitar a rataye tana ɗaukar ido, ya rantse ko a Onica ba a yin aikin da ya fi wannan.

Baƙin suka iso ranar wata Asabar, Gladys da Peculiar da Godswill, saurayi mai natsuwa da yawan durƙuso. Aka ci abinci, aka yi addu'a, dattawan gida suka sa albarka. Da la'asar Markus ya shiga ɗaki ya fito da jitar lulluɓe da zane, ya ɗora wa Peculiar a cinya, ya yaye. Godswill ya miƙe tsaye don mamaki, shi ma yana taɓa kiɗa a cocinsu, ya yi ta yaba aikin da zuciya ɗaya.

Peculiar ta sa hannu biyu ta ɗaga ta. Ta juya jitar ta duba bayanta, ta sake juyowa, ta kai yatsa ƙasa kusa da maɗauri tana shafawa, tana shafawa.

"Baba, ita ce kuwa?"

Ya ce ita ce, gyara kawai ya yi mata.

"Akwai wani zane a nan," ta ce. "Ni na yi shi da ƙusa ina shekara biyar, ina son in rubuta sunana. Mama ta ɗauko bulala. Babana ya hana, ya yi dariya, ya ce tunda na sa hannu ta zama tawa."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi kuka a wurin ba. Gladys ta yi saurin cewa ai aikin ya yi kyau, Allah ya saka, Joel ma da ya gani zai ji daɗi. Amma ita ma idonta na kan inda hannun mijinta ya goge a da, wurin da yanzu fitilar ɗakin ke haskawa a ciki. Markus ya buɗe baki zai ce bai sani ba, tari ya sarƙe shi, sai da aka kawo ruwa. Peculiar ta durƙusa ta yi godiya yadda ya kamata, ta jingine jitar a bango a hankali, ta fita waje. Ta daɗe kafin ta dawo.

Da safe suka tafi tasha ba su ɗauki jitar ba. Markus ya saɓa ta a kafaɗa ya bi su a kan babur, ya same su motar ba ta cika ba. Peculiar ta sauko ta riƙe hannunsa biyu, ta ce ya yi haƙuri, ta yi tunani, a wurinsa ta fi amfani tunda shi ke yi wa Ubangiji hidima da ita, ita a bango kawai za ta rataye ta. Ya roƙe ta, ta ce motar ma babu wuri. Akwai wuri, yana gani. Ya tsaya har motar ta tashi, ya koma gida da jitar yadda ya zo da ita.

Abin da ya so tun farko ke nan, a bar masa ita, ga shi an bar masa. Ranar Litinin ya kai ta rumfa ya kwantar a kan benci, ya ɗauki ƙusa 'yar inci uku. Ya san wurin, ya san tsawon karcen da yadda ya karkata, zai iya mayar da shi ba wanda zai gane. Ya daɗe da ƙusar a hannu. Daga baya ya jefa ta cikin gwangwani, don ya san ko kowa bai gane ba, yarinyar za ta tambaye shi, shi kuma ba zai iya yi mata ƙarya ba.

Bikin bai samu zuwa ba. Sati biyu kafin ranar numfashi ya gagare shi, aka kwantar da shi asibiti kwana goma sha tara. Monica ce ta je Kaduna a madadinsa ta kwana ɗaya ta dawo. Da ya tambaye ta wa ya kaɗa bes a cocin, ta ce ita ba ta lura ba, an dai yi kiɗa.

Da aka sallame shi bai koma cikin makaɗa ba. Tsayuwar awa biyu da nauyi a kafaɗa ta fi ƙarfinsa yanzu, kuma ko a zaune da aka ce ya gwada, ya ce a'a. Saloma, mai kaɗa piyanon coci, ita ke cike gurbin da hannun hagu, yawancin jama'a ba su ma san an rasa wani abu ba. Yakan zauna a benci na uku daga baya, kusa da taga saboda iska. Jitar tana ƙarƙashin gado cikin jakarta, ya sassauta mata tsirkiya. Wani fasto daga Dabai ya zo har gida yana son cocinsu ta saye ta, Markus ya ce ba tasa ba ce balle ya sayar.

Har yanzu ana kawo masa jitoci, yana ɗaura tsirkiya, yana gyara waya, yana zaune a inuwa yana hutawa tsakanin aiki da aiki. Ranar Kirsimeti da rana Peculiar ta kira ta gaishe shi. Ta tambayi jikinsa, ya ce da sauƙi. Ya tambayi mijinta da aikin asibiti, ta ce lafiya lau, an ma canza mata ɓangare zuwa na yara. Suka yi zancen tsadar masara da wanda ya rasu a unguwa. Yana shirin cewa wani abu sai layin ya katse. Ya riƙe wayar a hannu yana jira ko za ta sake kira, har Monica ta leƙo ta ce shinkafa na hucewa.