Bawa Na-gane

Kakarmu Ige ba don tatsuniya take hura wuta ba. Bandar kifi take yi a bayan gidanmu na Argungu, mu kuma jikoki mukan kewaye murhun bayan sallar isha'i, muna jiran kan tarwaɗar da takan miƙa wa wanda ya zauna lafiya. Hayaƙi yana cin idanunmu, ita ko ko a jikinta. Ta iya rena mutum ƙwarai, kuma ban ga wanda ta rena kamar Bawa Na-gane ba, mutumin da bai taɓa rayuwa ba sai a bakinta.

Yadda take faɗa, Bawa saurayi ne da ya tashi yana son a kira shi babban masunci. Ya je wurin masassaƙi ya koyi yin kwalekwale. Tsohon yana cikin nuna masa yadda ake fafe itace, bai kai ga yadda ake toshe tsaga ba, sai Bawa ya ce, "Na gane," ya kaɗe riga ya tafi. Ya je wurin mai saƙa taru, ya ga an zarga zare, ya ce ya gane, bai tsaya ya ga ƙulli ba. Da ya je wurin sarkin ruwa kuwa, ko zama bai yi ba.

A nan Kaka takan juya kifi ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ku gaya mini, mi wanga yaro yag gane? Ko akuya ta hi shi haƙuri, don ita takan tsaya ta tauna."

Ranar kasuwa Bawa ya tara gari a bakin gulbi su ga gwaninta. Ya tura kwalekwalensa, ya miƙe tsaye a ciki yana ɗaga wa mata hannu. Ruwa ya fara shiga ta tsagar. Ya jefa taru, tarun ya warware ya bi ruwa. Kwalekwalen ya zauna a laka, a wurin da ruwa bai wuce gwiwa ba, Bawa ya fito yana ɗiga, ya ce maƙiya ne suka yi wa gulbin asiri.

Mukan fashe da dariya, amma Kaka ba ta yi. "Nutsewa ba abin kunya ba ne, kowa yana nutsewa. Ku ji ƙarshen. Washegari yat tahi bakin kasuwa yak kafa rumfa, wai yana koya wa mutane tuƙi. Kuma sunka taru, don Allah ya ba shi murya."

Wanda ya fi kowa dariya a cikinmu shi ne Yaya Sanusi, ɗan wan babana. Yau dukanmu muna Birnin Kebbi, kuma na ga yadda ya yi rayuwarsa. Ya shiga ɗinki ya bari kafin ya iya wuyan riga. Ya koma gyaran waya ya bari. Ya haƙa tafkin kiwon kifi a bayan gidansa a unguwar Gesse, kifayen suka mutu gaba ɗaya saboda bai san ana canza musu ruwa ba, shi da ya girma a gindin murhun banda. Ya ce hassada ce. Yanzu yana tara matasa a wata rumfa ranar Asabar, da babbar riga da lasifika, yana koya musu abin da yake kira sirrin nasara.

Da na bar shi da shirmensa, sai dai bara maganar ta shigo gidana. 'Yata Hadiza tana koyon ɗinki a wurin wata mata mai tsanani, wadda takan sa ta farke ɗinki ta sake. Wata Asabar ta dawo daga taron Sanusi da ƙarfinta.

"Baba, Baffa Sanusi ya ce na wuce zaman koyo. In canza tunani kawai in buɗe shagona."

"To, madalla," na ce. "Ga yadina, yanka mini riga."

Ta yanka, ta ɗinka. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan kuma ya ƙi shiga kaina. Ta tsaya tana kallon rigar, ni kuma ina jiran in ji wa za ta ɗora wa laifi, keken ko yadin ko almakashi.

"Ban iya ba tukuna," ta ce a hankali. Da safe ta ɗauki jakarta ta koma wurin uwar ɗakinta.

Ina yaro na ɗauka Kaka jahilcin Bawa take yi wa ba'a. Sai da na girma na fahimci cewa ba ta taɓa rena wanda bai sani ba. Wanda ta rena shi ne mai tashi tsakiyar darasi, wanda in ya faɗi sai ya nemi maƙiyi, in ya rasa sana'a sai ya zama malami. Sanusi yayana ne, ina gaishe shi a masallaci yadda ya kamata. Amma na gaya masa a gaban matarsa cewa 'ya'yana ba za su ƙara zama a rumfarsa ba. Bai ko bari na ƙarasa ba, ya ce ya gane.