Shafin Mai Ɗinkin Shadawanka

A shekarar da na fara aiki a wani ƙaramin ofis da ke saman bene a Wunti, manhaja ɗaya muke da ita, ta teloli. Tana ajiye awon masu kawo ɗinki, tana kuma tuna wa tela ranar da ya yi alkawarin ba da kaya. Aikin farko da Oga ya ba ni shi ne in kwashe bayanan taimako da ke cikin manhajar in mayar da su sabon tsari, wanda zai buɗu a waya ba tare da rubutun ya cakuɗe ba. Kowane shafi sai an yi masa kai, an jera matakai a gajarce, an sa shi a rukuninsa.

Wadda ta rubuta tsofaffin shafukan wata ce 'yar Bogoro da ta bar aikin kafin zuwana. Ban taɓa ganinta ba, amma cikin mako biyu na san hannunta. Ba ta cewa "latsa", sai dai "taɓa". Idan abu mai wuya ne, takan fara da "kada ka damu".

Ranar wata Laraba na buɗe wani shafi marar kai. Layin farko ya ce: "Idan mai kaya ba zai dawo ba, kada ki goge shi. Riƙe sunansa da yatsa har ya yi toka-toka, manhaja za ta daina tuna miki." Duk sauran shafukan da namiji suke magana, wannan kaɗai da mace. Na gwada, sunan kuwa ya dusashe. A ƙasa an rubuta: don Madam ta Shadawanka.

Na tambayi Oga. Ya ɗan yi tunani ya ce bai san an saka wannan ba, in ya ƙi shiga tsari in cire shi. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Washegari na hau keke zuwa bakin barikin sojoji na Shadawanka. Sau biyu na yi tambaya aka nuna min shagon. Dattijuwa ce 'yar kudu, tabarau a ƙarshen hanci, tana kafa maɓalli a rigar yaro. Na gaishe ta na nuna mata shafin a wayata.

"Ni ne ya sa aka rubuta," ta ce da irin Hausarta. "Zauna, ɗana."

Ta ce yawancin masu kawo mata ɗinki sojoji ne da iyalansu. Wani zai kawo yadi, a tura shi daji kafin ranar karɓa. Wasu sun dawo. Akwai wanda bai dawo ba, waya kuma kullum da safe sai ta yi ƙara ta ce ranar karɓar kayansa ta yi. Hanya ɗaya ce a lokacin, a goge shi.

"Me ya hana ki gogewa, Mama?"

"Matansu suna zuwa. Wata za ta ce in rage kaftaninsa ya yi wa yaro daidai. Wata awon kawai take so ta gani, faɗin kafaɗa, tsawon hannu. In na goge, me zan nuna mata?"

Ta miƙo min wayarta. Na ga sunaye masu toka-toka a tsakanin baƙaƙe, ban ƙirga ba.

Da na koma, na daɗe ina neman rukunin da zan sa shi. Ba gyaran kuskure ba ne, ba kuma awo ba. A ƙarshe na sa shi ƙarƙashin tunatarwa, na yi masa kai: Yadda ake dakatar da tunatarwa ba tare da goge mutum ba. Matakai biyu ne kacal. Oga ya karanta ya ce layin farkon ya yi tsawo, kuma teloli maza za su ɗauka ba da su ake ba. Na yarda da rabin maganarsa. Na mayar da "ki" zuwa "a", na cire "miki", na bar sauran yadda yake.

Bayan wata guda wani tela daga Miri ya kira yana tambaya ko za a iya dawo da sunan da ya dusashe, don mutumin nasa tafiya kawai ya yi, ga shi ya dawo. Ban sani ba, sai da na gwada. Ana iyawa. Na ƙara mataki na uku.