Ƙullin Barkonon Goggo Hajo

Atishawa ke fara sanar da zuwan Goggo Hajo, kafin sallamarta. Ku da kuka san ta a Kebbe kun tuna ƙullin dakakken barkonon nan da ba ya rabuwa da bakin gyalenta. Duk wanda ya rungume ta sai ya yi hawaye, ita kuma ta ɗauka na murna ne.

Barkonon na ɓarayi ne, in ji ta. Ranar da wani ya zura mata hannu a jaka a kasuwar Dogon Daji, ko ihu ba ta yi ba, kwance ƙullin kawai ta yi. Da ya durƙusa yana atishawa sai ta sayo masa ruwa ya wanke ido, ta tambaye shi ɗan wane ne, ta ce ya gaishe da uwarsa.

"Ɓarawo ma hanci gare shi," abin da ta ce wa 'yan kallo ke nan.

Da na samu tallafin karatu a Turai, ƙulli uku ta cusa mini a akwati. Jami'in filin jirgi ya kwance ɗaya don ya duba, ya yi atishawar da ta jefar da hularsa, ya ƙwace duka. Na ba ta labari ina jin kunya. Ta ce ai madalla, an tabbatar yana aiki.

Wata biyu da zuwana, wani a kan keke ya fizge jakar ƙawata 'yar Ghana a tashar bas, rana tsaka, ina tsaye kusa da ita. Mu ɗalibai baƙi muka shiga tura wa juna sunayen titunan da ba a bi, har titunan suka ƙare. Na rufe ƙofa. Kwana tara ina kallon ganye na zuba ta taga, sai ga saƙon makaranta: in na ƙara fashin aji, za a janye tallafin.

Da babana ya ji, ya gaya wa yayarsa, Goggo Hajo. Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Ɗiyata, mi kika yi ɗaki kamar mai jego? Sa takalmi."

Ba ta kashe wayar ba sai da na fita. Dokarta ita ce in gaida duk wanda ke kan hanyata, wai ba a fizge jakar wadda unguwa ta san fuskarta. Na tsaya gaban tsoho mai burodi, tana kunnena tana umarni: in tambayi iyali, in tambayi gajiya, in tambayi shanu.

"Goggo, ba shi da shanu."

"To ki yi mishi jaje."

Dariya ta kuɓuce mini, tsohon ya taya ni bai san dalili ba. Kusan wata guda tana raka ni aji ta waya kowace safiya, har mai burodi ya fara ɗaga mini hannu tun daga nesa. Tsoron bai tafi ba, amma ni na tafi aji.

Allah ya jiƙanki, Goggo, ya sa kabarinki ya yi sanyin da gyalenki bai taɓa yi ba.

Sai a zaman makokinta na ji cewa a watan da take raka ni aji babu sabis ɗin waya a wajenmu. Kullum sai ta hau babur ta nufi Tambuwal don ta samu ta kira ni, ta hanyar da maza suka daina bi saboda 'yan bindiga, da ƙullinta a bakin gyale.