Minti Arba'in da Uku na Marlene

Shekara goma sha tara Marlene Dubé ta yi a bayan kantar banki a garinmu na Selkirk. Ni maƙwabciyarta ce, shinge ɗaya ya raba mu. Da aka rufe reshen, komai ya koma waya, sai aka ba ta kwamfuta da abin sawa a kunne, ta riƙa amsa kiran masu ajiya daga ɗakin girkinta.

Na'urar ba ta ba ta wuya ba, mako biyu ta ƙware. Abin da ya hana ta sakat shi ne wani agogo a gefen allon kwamfutar: kira ya wuce minti biyar sai ya yi ja, a rubuta mata laifi. Ta rame, wuyanta ya sage.

Wata Talata da hantsi wani dattijo, Mista Hryciuk, ya kira. Wai wani daga banki ya ce ya karanta masa lambobin sirrinsa, yana jiransa a ɗaya wayar.

"Baba, kada ka ba shi ko ɗaya," in ji Marlene. "Ajiye waccan wayar."

"Ai yaron kirki ne, har lafiyar ƙafata ya tambaya."

"Ɓarawo ma ya iya gaisuwa, Baba."

Agogo ya yi ja, ta kau da kai. Sai da ta rufe asusunsa, ta bi da shi sannu a hankali ya sauya lambobin, ta jira 'yarsa ta iso gidan. Minti arba'in da uku.

Washegari shugabarta Tamsin, wadda Marlene ta kusa haifa, ta kira ta. Marlene ta riga ta sa kwamfutar a kwali.

"In kora ce, faɗi kawai, kada ki ja min rai."

Tamsin ta tuntsire da dariya. "Wa zai kore ki? Sau biyu muka saurari kiran nan. Daga yau babu agogo a kiran tsofaffi, kuma ke za ki koya wa sababbi. Amma sai kin tafi hutun mako guda tukuna. Ba shawara ba ce."

Marlene ta shigo gidana da silifas, ko riga mai kauri ba ta sa ba duk da sanyin da ake yi. Ta cinye min rabin kek ɗin tuffa tana ba ni labari, sannan barci ya kwashe ta a kan kujera da rana tsaka.